Hukuncin Mayo: tambayoyi da amsoshi kan ɗalibai, likitoci masu neman ƙwarewa da harajin FICA a Amurka

A ranar 11 ga Janairu 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta raba gardamar da ke tsakanin gwamnatin tarayya a gefe guda, da Gidauniyar Mayo, mai shirye-shiryen horar da likitoci a jihar Minnesota, da Jami'ar Minnesota a ɗaya gefen. Abin da aka yi ta ja a kai shi ne matsayin likitan da ya gama makarantar likitanci, yake aiki a asibitin koyarwa don samun ƙwarewa: a idon dokar haraji ɗalibi ne ko ma'aikaci? Kotu ta amince da ƙa'idar gwamnati da ta ɗauke shi ma'aikaci, aka ci gaba da cire masa harajin FICA daga albashi. Har yau da wannan hukunci ofisoshin albashi na jami'o'i da asibitocin Amurka suke aiki, kuma ya shafi duk wanda ke haɗa karatu da aiki a can, har da masu zuwa daga ƙasashenmu.

Wane haraji ake magana a kai?

FICA haraji ne da ake cirewa daga albashi kafin ya iso hannun ma'aikaci, kuma kashi biyu ne. Na farko shi ne na tsarin Social Security, wato fansho da tallafin naƙasa da na iyalan mamaci: kashi 6.2 cikin ɗari. Na biyu shi ne na Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi: kashi 1.45 cikin ɗari. A haɗe, kashi 7.65 ke nan daga ma'aikaci, sannan mai ba da aikin ya ƙara wani 7.65 daga aljihunsa. Kashin Social Security yana da iyaka, domin a 2025 ba a cire shi daga abin da ya haura dala 176,100 a shekara. Na Medicare ba shi da iyaka.

Wannan daban yake da harajin kuɗin shiga, kuma shari'ar ba ta taɓa wancan ba.

Daga ina keɓewar ɗalibai ta samo asali?

Daga Majalisar Dokoki, tun 1939. Sashe na 3121(b)(10) na kundin dokar haraji ya ce ba a cire FICA daga aikin da aka yi wa makaranta, kwaleji ko jami'a, idan mai aikin ɗalibi ne da ya yi rajista kuma yake halartar darasi a kai a kai a wannan makarantar. Dokar ba ta bayyana wane ne ɗalibi ba. Tun 1951 Ma'aikatar Baitulmali take fassara ta da cewa aikin ya zama reshe ne na karatun, an yi shi don a samu damar ci gaba da karatu. Wanda aka nufa tun asali shi ne yaron da ke jera littattafai a laburare ko yake wanke kwanuka a ɗakin cin abinci na awoyi kaɗan a mako.

To me ya jawo likitoci cikin lamarin?

A 1998 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shiyya ta Takwas, a shari'ar Minnesota da Apfel, ta ce likitoci masu neman ƙwarewa a Jami'ar Minnesota sun cancanci a ɗauke su ɗalibai. Asibitocin koyarwa a faɗin ƙasar suka ga ƙofa ta buɗe. Aka shigar da buƙatu fiye da 7,000 na a dawo da harajin da aka riga aka biya, kotuna suka yi ta duba shirin kowane asibiti ɗaya bayan ɗaya, wani ya ci, wani ya faɗi.

Gwamnati ta ga abin ba zai ƙare ba. A Disamban 2004 Ma'aikatar Baitulmali ta fitar da sabuwar ƙa'ida, bayan ta wallafa daftarinta ta karɓi ra'ayoyin jama'a, ƙa'idar ta fara aiki a ranar 1 ga Afrilu 2005. Mayo ta biya harajin zango na biyu na 2005, wato Afrilu zuwa Yuni, sannan ta garzaya kotu tana neman a dawo mata da shi. Kotun tarayya ta matakin farko a Minnesota ta ba ta gaskiya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shiyya ta Takwas ta soke wannan hukunci a 2009. Kotun Ƙoli ta saurari ɓangarorin a ranar 8 ga Nuwamba 2010.

Me ƙa'idar awa 40 ta ce daidai?

Ta ce duk wanda jadawalin aikinsa na yau da kullum ya kai awa 40 ko fiye a mako, cikakken ma'aikaci ne, kuma aikinsa ba reshen karatu ba ne, ko da kuwa aikin yana koyar da shi abubuwa da yawa. Ƙa'idar ma ta kawo misalin likita mai neman ƙwarewa ƙarara.

Akwai abubuwa uku da ake yawan kuskurewa a nan. Na farko, jadawalin da aka saba ake dubawa, ba makon da aiki ya yi yawa ba zato ba tsammani. Ɗalibin da ke aikin awa 15 a mako, aka roƙe shi ya rufe gurbin wani na mako guda ya kai awa 42, bai zama cikakken ma'aikaci ba. Na biyu, awoyin da aka ƙara lokacin hutun tsakanin zangon karatu ba sa canza jadawalin da aka saba. Na uku, yin ƙasa da awa 40 bai isa shi kaɗai ya ba mutum keɓewa ba. Sai an duba wanne ya rinjaya a alaƙarsa da makarantar, karatu ko aiki.

Wannan ƙa'ida ta 2004 ta kuma taƙaita ma'anar makaranta. Sai wurin da babban aikinsa koyarwa ne, mai malamai da manhaja da ɗalibai masu rajista. Asibitin da babban aikinsa jinyar marasa lafiya bai zama makaranta ba don kawai yana horar da likitoci.

Wace hujja Mayo ta kafa?

Hujjarta ba ta banza ba ce. Shirin neman ƙwarewa a Mayo yana ɗaukar shekara 3 zuwa 5, yana da manhaja, da karatun da ake ba kowa, da laccoci da tarukan nazari na mako-mako, da jarrabawa, da tantancewar manyan likitoci. Ba a zama ƙwararren likitan tiyata ta hanyar zama a aji kawai. Duba maras lafiya a gaban malami shi ne darasin. Don haka, in ji Mayo, yawan awoyin da likitan yake yi a kan gadon maras lafiya shaida ce ta yawan karatu, kuma bai kamata a juya ta ta zama hujjar hana shi sunan ɗalibi ba. Ta ƙara da cewa kalmar a fili take, Majalisa ba ta sa sharaɗin awoyi ba, saboda haka ma'aikata ba ta da ikon ƙirƙiro shi. Theodore Olson, wanda ya taɓa zama babban lauyan gwamnati a gaban Kotun Ƙoli, shi ya tsaya mata.

Gwamnati kuma ta nuna ɗaya fuskar: waɗannan likitoci suna aikin awa 50 zuwa 80 a mako, suna duba marasa lafiya, suna gano cuta, suna rubuta magani, suna shiga tiyata. A 2005 Mayo tana biyan su dala 41,000 zuwa 56,000 a shekara, da inshorar lafiya, da inshorar kuskuren aiki, da hutu mai albashi.

Me kotu ta ce, kuma bisa wane dalili?

Alƙalin Alƙalai John Roberts ne ya rubuta hukuncin, kuma ya bi matakai biyu na ƙa'idar da ake kira Chevron, wadda ta samo suna daga wata shari'a ta 1984.

Matakin farko shi ne a duba ko Majalisa ta amsa wannan tambaya da bakinta. Kotu ta ce ba ta amsa ba. Dokar ba ta fassara ɗalibi ba, ba ta kuma ambaci likitoci masu neman ƙwarewa ba. A nan ne Mayo ta yi tuntuɓe da maganarta, domin ta amince cewa farfesan da ke cikakken aiki a jami'a, yake ɗaukar darasin yamma, za a iya cire masa haraji, alhali shi ma ya yi rajista kuma yana halartar aji. Idan za a iya ware farfesan, ashe akwai layin da dole wani ya ja tsakanin ɗalibin da ke aiki da ma'aikacin da ke karatu, kuma dokar ba ta ja shi ba.

Mataki na biyu shi ne a duba ko layin da ma'aikatar ta ja yana kan hankali. Kotu ta ce yana kai. Awoyin da mutum yake kashewa a aiki ma'auni ne mai ma'ana na abin da ya rinjaya. Layi bayyananne yana rage shari'o'in da ba su ƙarewa, kowa ya san matsayinsa tun farkon shekara. Sannan manufar tsarin Social Security ita ce ya lulluɓe ma'aikata da yawa, kuma cire waɗannan likitoci daga ciki zai bar su da iyalansu ba tallafin naƙasa, ba na mutuwa, a shekarun da suke fara gina iyali. Roberts bai musanta cewa suna koyon sana'arsu ba, ya faɗi hakan a fili. Abin da ya ce shi ne, ko su ɗalibai ne a ma'anar wannan sashe na dokar haraji wata tambaya ce daban, kuma Majalisa ta bar wa Ma'aikatar Baitulmali amsarta.

Alƙalai takwas ne suka zauna, duka takwas suka amince. Mai shari'a Elena Kagan ta janye, saboda kafin naɗa ta a 2010 ita ce babbar lauyar gwamnati a gaban kotun.

Me ya sa lauyoyin haraji suke ambaton wannan shari'a ko da ba a maganar ɗalibai?

Saboda ta kashe wata tsohuwar muhawara. Kafin 2011 wasu kotuna suna auna ƙa'idojin haraji da ma'aunin shari'ar National Muffler ta 1979, wanda ya fi tsauri: yaushe aka fitar da ƙa'idar, ta daɗe tana aiki, ma'aikata ta tsaya a kan magana ɗaya ko tana sauyawa? Da wannan ma'auni aka yi aiki, Mayo tana da abin riƙewa, tunda ƙa'idar ta zo shekara 65 bayan dokar, kuma ta zo ne bayan gwamnati ta sha kaye a kotu. Kotun Ƙoli ta ce babu dalilin ware haraji da ma'auni na musamman, ƙa'idojinsa ma Chevron ce za ta auna su. Ta kuma ce fitar da ƙa'ida don gyara sakamakon wata shari'a ba aibi ba ne.

An ce an soke Chevron a 2024. Hukuncin Mayo ya faɗi ke nan?

Bai faɗi ba. A ranar 28 ga Yuni 2024, a shari'ar Loper Bright, Kotun Ƙoli ta yi watsi da Chevron, ta ce alƙalai su fassara doka da kansu, kada su bi fassarar ma'aikata don kawai dokar ba ta fito fili ba. Roberts ɗin ne dai ya rubuta. Amma a cikin hukuncin an faɗi cewa shari'o'in da aka riga aka yanke bisa Chevron, inda aka tabbatar da halaccin wata ƙa'ida, suna nan daram, kuma dogaro da Chevron shi kaɗai bai isa dalilin warware su ba. Ƙa'idar awa 40 tana nan, asibitoci suna cire harajin. Duk wanda ya ce wa likita ya nemi a dawo masa da FICA saboda Loper Bright, yana tura shi ɓata lokaci da kuɗin lauya.

Kuɗin da aka cire kafin Afrilun 2005 fa?

A Maris 2010, tun kafin a saurari shari'ar, hukumar tara haraji ta IRS ta sanar cewa ta amince a dawo da FICA na zangunan da suka ƙare kafin 1 ga Afrilu 2005, amma ga waɗanda aka shigar wa buƙata a kan lokaci kawai. Yawancin buƙatun asibitoci ne suka shigar, suka nemi amincewar tsofaffin likitocinsu a rubuce don karɓo musu kasonsu da kuɗin ruwa. Wanda ya karɓa, an goge albashin waɗannan shekaru daga lissafinsa na Social Security. Wannan babi ya rufe, ba a karɓar sabuwar buƙata a kan waɗancan shekaru.

A aikace, nawa ake cirewa?

A ɗauki albashin dala 60,000 a shekara. Social Security dala 3,720, Medicare dala 870, jimla dala 4,590, wato dala 382.50 a wata. Asibitin ya biya wata dala 4,590. Asibitin da ke da likitoci 500 masu irin wannan albashi, kasonsa shi kaɗai ya kai dala miliyan 2.295 a shekara. Wannan ya nuna dalilin da ya sa asibitoci ne suka jagoranci ƙarar, ba likitocin ba.

Likitocin sun yi asara ne ko riba?

A ganinmu, ga wanda zai zauna a Amurka, hukuncin ya fi alheri fiye da yadda yake ji a ranar albashi. Tsarin Social Security da maki yake aiki, ana samun maki 4 a shekara a mafi yawa. A 2025 kowace dala 1,810 ta albashi tana ba da maki 1, saboda haka dala 7,240 ta cika makin shekara. Fanshon tsufa yana buƙatar maki 40, wato aikin shekara 10. Amma tallafin naƙasa da na iyalan mamaci ba sa jiran 40. Wanda ya naƙasa tsakanin shekara 24 da 31 yana buƙatar makin rabin lokacin da ya wuce tun cikarsa 21. Daga shekara 31 kuma, galibi maki 20 cikin shekara 10 na baya. Idan mutum ya rasu yana da maki 6 cikin shekara 3 kafin rasuwar, 'ya'yansa ƙanana da matar ko mijin da ke kula da su suna iya samun tallafi.

Likita ɗan shekara 29 da ya shafe ƙuruciyarsa a makaranta, da wuya ya tara maki a wani wuri. Da an keɓe shi na shekara 5, haɗarin mota ɗaya a hanyar komawa gida bayan aikin dare ya isa ya bar iyalinsa hannu rabbana. Wannan shi ne mafi ƙarfin abin da gwamnati ta faɗa, kuma gaskiya ne.

Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne baƙon da zai koma ƙasarsa kafin ya cika maki 40. Za mu zo kansa.

Ni ɗalibi ne, ina aiki a laburaren jami'armu. Hukuncin ya shafe ni?

Keɓewarka tana nan, muddin ka cika sharuɗɗa. IRS ta fitar da takardar jagora mai lamba 2005-11, wadda yawancin jami'o'i suke bi. Abin da take so shi ne ka yi rajistar aƙalla rabin nauyin karatun cikakken ɗalibi, bisa ma'aunin jami'arka. Jami'ar da kake karatu ita ce take biyan ka. Jadawalinka bai kai awa 40 ba. Ba ka cikin masu cin gajiyar alawus ɗin cikakkun ma'aikata, kamar hutun shekara, hutun rashin lafiya ko shirin fansho. Kuma aikinka ba na ƙwararru ba ne irin wanda ke buƙatar zurfin ilimi da yanke shawara da kai.

Sharaɗi na biyu shi ne yake kama mutane. Shagon abinci ko na littattafai da ke cikin harabar jami'a, amma kamfani mai zaman kansa ne yake gudanar da shi, ba jami'a ba ne. Idan sunan kamfanin ne a takardar albashinka, wannan keɓewa ba ta hau kanka ba.

Wanda yake zangonsa na ƙarshe, ya ɗauki ƙasa da rabin nauyi saboda darussan da suka rage masa ke nan, bai rasa keɓewar ba.

Lokacin dogon hutu fa?

Hutun da bai wuce mako 5 ba, keɓewar tana ci gaba, idan kana ɗalibi a ƙarshen zangon da ya wuce kuma kana da damar rajista a mai zuwa. Hutun bazara ya fi haka tsawo. Idan ba ka yi rajistar darussan bazara da suka kai rabin nauyi ba, za a fara cire maka FICA har sai an koma aji. Wanda ya ga albashin Yuli ya ragu da kashi 7.65, galibi dalilin ke nan, kuma ba kuskure ba ne.

Masu digiri na biyu da na uku da ke koyarwa ko bincike?

Yawancinsu ana ba su aikin awa 20 a mako kuma suna da rajista, saboda haka suna cikin keɓewa. Matsala tana tasowa idan mai digiri na uku ya gama darussa, yana rubuta kundin bincikensa, ya yi sakacin rajistar da jami'a take ƙidaya shi da ita a matsayin ɗalibin rabin lokaci. Kwamfutar albashi da rajista take aiki. Wanda ya riga ya karɓi digiri na uku yake aikin bincike na bayan digiri kuwa, takardar jagorar ta fitar da shi daga kariyarta, tare da likitoci masu neman ƙwarewa.

Na zo daga Najeriya da bizar karatu ta F-1. Wace ƙa'ida ce tawa?

Kana da wata keɓewa dabam, wadda shari'ar Mayo ba ta taɓa ba. Sashe na 3121(b)(19) ya keɓe masu bizar F-1, J-1, M-1 da Q, muddin dokar haraji tana ɗaukar su baƙi marasa zama, kuma aikin da suke yi hukumar shige da fice ta halatta shi. Ga ɗalibi, wannan matsayi yakan ɗauki shekarar kalanda 5. Ya haɗa da aikin cikin harabar jami'a, wanda iyakarsa awa 20 a mako lokacin karatu, da horon aiki na CPT da OPT, wato izinin da ake ba ɗalibi ya yi aiki a fannin karatunsa, ko da a kamfani ne kuma cikakken lokaci.

Kula da lissafin: shekarar kalanda ake ƙidayawa, ba wata 12 ba. Wanda ya sauka a Agustan 2021, shekarar 2021 ta tafi gaba ɗaya. Shekarunsa su ne 2021 zuwa 2025. Daga Janairun 2026 a fara ƙidaya kwanakinsa, kuma idan ya cika kwana 183 bisa lissafin zama, ya zama mazauni a wajen haraji. Lissafin shi ne duk kwanakin bana, da sulusin na bara, da sudusin na bara waccan, ban da kwanakin shekarun da aka keɓe. Daga nan keɓewar biza ta ƙare. Idan har yanzu yana karatu yana yi wa jami'arsa aiki, sai ya koma ƙarƙashin keɓewar ɗalibai da aka yi bayani a sama. Idan OPT yake yi a kamfani, FICA ta hau kansa.

Mata ko mijin mai J-1, da ke kan bizar rakiya ta J-2 da izinin aiki, ba shi da wannan keɓewa.

Likitan da ya zo neman ƙwarewa daga ƙasar waje fa?

Ya danganta da bizarsa. Mai bizar aiki ta H-1B ana cire masa FICA tun albashin farko. Mai J-1 da ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ta ɗauki nauyinsa, dokar haraji ba ta sa shi a rukunin ɗalibai ba, tana sa shi a rukunin malamai da masu horo, kuma nasu shekarar kalanda 2 ne. Shirye-shiryen neman ƙwarewa a Yuli suke farawa. Wanda ya fara a Yulin 2024, an keɓe shi a 2024 da 2025, wato wata 18 ke nan a zahiri, sai a fara cirewa daga Janairun 2026. Idan kuma ya taɓa zama a Amurka da bizar F ko J a shekara 2 cikin 6 da suka gabata, misali ya yi digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma kafin ya samu gurbi, to galibi ba shi da sauran keɓewa. Ofisoshin albashi suna kuskure ta fuska biyu a nan: su cire wa wanda bai kamata ba, ko su manta su fara cirewa a Janairu, daga baya su bi likitan bashin watanni a dunƙule.

Ta yaya zan gane ko an cire mini?

A takardar albashi nemi layin da aka rubuta FICA, OASDI, Social Security ko Medicare. A fom ɗin W-2 na ƙarshen shekara, akwati na 4 shi ne harajin Social Security da aka cire, na 6 na Medicare. Wanda aka keɓe duk shekara, akwatuna 3 zuwa 6 ba komai a cikinsu.

An cire mini bisa kuskure. Yaya zan karɓo kuɗina?

Fara da wanda ya ba ka aiki, a rubuce. Kai wa ofishin albashi kwafin biza, da I-94 (takardar shaidar shiga ƙasa), da I-20 na mai F-1 ko DS-2019 na mai J-1, da jerin ranakun shigarka da fitarka daga Amurka. Idan keɓewar ɗalibai kake nema, takardar shaidar rajista daga ofishin magatakarda. Su ne za su mayar maka da kuɗin, su gyara lissafinsu da fom 941-X, su ba ka W-2c, wato W-2 da aka gyara, idan shekarar ta riga ta rufe. Wannan hanya ta fi sauri nesa ba kusa ba.

Idan suka ƙi ko suka yi shiru, sai ka tura wa IRS fom 843, kowace shekara da nata. Mai biza ya haɗa da fom 8316, wanda ke shaida cewa ya nemi kuɗin wurin mai aiki bai samu ba. A haɗa kwafin W-2, da shafin biza, da I-94, da I-20 ko DS-2019, da katin izinin aiki idan OPT ne, da wasiƙar mai aiki da ta faɗi abin da ya mayar ko bai mayar ba. Idan ba a samu wasiƙar ba, ka rubuta bayanin dalili. Ana tura shi daban, ba a cikin takardar harajin shekara ba, zuwa adireshin da ke cikin umarnin fom ɗin. Amsa takan ɗauki watanni.

Wa'adi shekara 3 ne, ana ƙidayawa daga 15 ga Afrilun shekarar da ta biyo bayan wadda aka cire kuɗin, ko shekara 2 daga ranar biya, duk wanda ya fi nisa. Abin da aka cire a 2023, ƙofarsa tana rufewa a 15 ga Afrilu 2027.

Abubuwan da suka fi jawo a ƙi buƙata: kuskuren ƙidayar shekarun kalanda, tsallake mai aiki a tafi IRS kai tsaye, aikin da biza ba ta halatta ba, da cike fom 1040 na mazauna a maimakon 1040-NR. Na ƙarshen nan manhajojin cike haraji na kasuwa ne suke jefa baƙi a ciki, sai mutum ya zama ya shaida da hannunsa cewa shi mazauni ne, sannan ya dawo yana neman keɓewar baƙi.

Idan na gama na koma gida, za a mayar mini da abin da na zuba?

A'a. Abin da aka cire bisa ƙa'ida ba ya dawowa. A tsarin fanshon Najeriya na dokar 2014, kashi 8 na ma'aikaci da kashi 10 na mai aiki suna shiga asusu mai sunan ma'aikacin. Social Security ba haka yake ba, babu asusun da ke ɗauke da sunanka, maki kawai ake rubuta maka. Makin ba ya lalacewa, idan ka dawo aiki a Amurka daga baya za a ɗora a kai. Amurka tana da yarjejeniyar haɗa makin fansho da ƙasashe kusan 30, amma babu Najeriya, Nijar ko Gana a ciki. Likitan J-1 da ya yi shekara 3, aka keɓe shi wata 18 na farko, ya koma gida, zai tafi da maki 8, nesa da 40. Ko wanda ya cika 40, idan ba ɗan ƙasa ba ne kuma ya zauna a waje fiye da wata 6 a jere, ana iya dakatar da biyansa, sai in ƙasarsa tana cikin waɗanda aka yi wa sassauci. Hukumar Social Security tana da shafin tantance wannan a intanet, ƙasa bayan ƙasa.

Idan an keɓe ni daga FICA, na tsira daga haraji gaba ɗaya?

A'a. Albashin aiki, ko an kira shi alawus, yana ɗauke da harajin kuɗin shiga na tarayya, da na jiha a yawancin jihohi. Tallafin karatu da ya tafi a kuɗin makaranta da littattafan dole ba a cire masa haraji, amma na masauki da abinci ana cirewa, kuma ga baƙo mai bizar karatu jami'a takan riƙe kashi 14 cikin ɗari ta ba shi fom 1042-S. Babu yarjejeniyar harajin kuɗin shiga tsakanin Amurka da Najeriya, don haka sassaucin da za ka ji abokan karatu daga Indiya ko Sin suna samu bai shafe ka ba. Mai F-1 ko J-1 da ke cikin shekarun keɓewa zai tura fom 8843 kowace shekara, ko da bai samu ko sisi ba a shekarar.